Fankar Bikin Khairiyya

Ranar Litinin, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, wuta ta ɗauke a unguwar Sabo. Da farko babu wanda ya damu, don a Ibadan ɗaukewar wuta ba labari ba ce. Amma wannan ta Kamfanin Tauraro ce, wanda ke ƙona gas a bayan Mokola yana ba Sabo lantarki, kuma shekara uku ke nan bai taɓa barin mutane cikin zafi fiye da awa guda ba.

A ɗakin sarrafa injina, ma'aikacin da ke bakin aiki, Abdulrahim, yana zaune da cincin a baki ya ga allon gabansa ya yi baƙi. Na kusa da shi ya bi sahu. Kafin ya haɗiye abin da yake taunawa, kwamfuta talatin da ɗaya na kamfanin sun mutu, har da wadda ake ajiye kwafin komai a cikinta. Injinan suka tsayar da kansu. Aka kashe, aka kunna, ko harafi ɗaya bai fito ba.

Insfekta Mas'uda Garba ta sashen laifukan kwamfuta ta iso da azahar. Haihuwar Sabo ce, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, kuma mace ce da ba ta son a faɗa mata amsa kafin ta yi tambaya. Ta tarar da Dokta Folake, ƙwararriyar da aka ɗauko daga Legas, ta warware wata 'yar ƙaramar fanka mai caji a kan tebur, irin wadda mata ke riƙewa a wajen biki.

"Ta nan ya shigo," in ji Folake. Ta nuna wani ɗan allo da bai kai farce ba, an liƙa shi da dalma a cikin mariƙin fankar. "Da an jona ta a kwamfuta, sai ta ce ita madannan buga rubutu ce, ba fanka ba. Kwamfuta ta yarda. Shi ke nan, ta buɗe ƙofa."

"Kuɗi suke nema?"

"Ba su nemi komai ba. Wannan ba ta ɓarayi ba ce, Insfekta. Manhaja ce mai shafe komai, irin wadda ƙasashe ke jefa wa juna. Na ga danginta a kamfanonin makamashi na ƙasashen waje. Tauraro ƙaramin kifi ne. Babban kamfanin da ke turo masa gas suke hari, don kwamfutocinsu a haɗe suke. Allah ya taimaka ma'aikacin nan Abdulrahim ya fizge wayar haɗin da wuri."

Mas'uda ta juya murfin fankar. Akwai sitika a jiki, da hoton amarya tana murmushi. An rubuta Khairiyya da Ikrama, Asabar, bakwai ga wata.

Khairiyya Isiyaku ita ce jami'ar tsaron kwamfutocin Tauraro. Shekaranjiya aka ɗaura mata aure.

Oga Bamidele, shugaban Mas'uda, mutum ne mai son fayil ya rufu kafin shayinsa ya huce. Kafin la'asar ya sa an ɗauko amarya daga ɗakinta.

"Hotonta, sunanta, aikinta," ya ce. "Me kuma kike nema? Mutanen Abuja za su zo safiyar Alhamis su tafi da ita. Zagon ƙasa ne, ba na ƙaramar kotu ba."

"Oga, wa zai sa bam ya manna hotonsa a jiki?"

"Masu wayo ma suna yin wauta. Kina da zuwa Alhamis."

Ta fara da Abdulrahim.

"Wa ya ba ka fankar?"

"Rabona ne na biki, ranki ya daɗe. Ina aiki ranar Asabar, ban samu zuwa ba. Da safen nan maigadi ya miƙo mini leda, ya ce ɗan okada ya kawo daga gidan amarya."

"Me ke ciki?"

"Cincin, alkaki, soyayyen nama, sai ita."

"Me ya kai ka jona ta a kwamfuta?"

"Babu caji a jikinta. Na danna, ko motsi ba ta yi ba. Na'urar sanyaya ɗakin nan sati uku ke nan da lalacewa, gumi har cikin takalmi. Soket kuwa duk injina sun cinye."

"Ba ka san doka ba?"

"Na sani. Anti Khairiyya ce ma ta kafa ta. Amma filashi ta hana, ba fanka ba. Kuma abin da ya fito daga hannunta, ni zan yi zarginsa?"

Mas'uda ta kalli hoton kyamarar ɗakin, wadda ke ajiye nata daban. Ga shi nan ya buɗe leda yana washe baki, ya jona fanka, ya kara ta a wuya ya lumshe ido. Da allon ya yi baƙi, shi ne ya yi tsalle ya fizge wayar haɗin har ya fasa gwiwa. Ta cire shi daga lissafi. Sakarci ya yi, ba mugunta ba.

Maigadi bai riƙe fuskar ɗan okada ba, hular kwano ce a kansa. Manajan kamfani ya kawo sunan wani injiniya, Adekunle, da aka kora bara ya tafi yana rantsuwar sai sun gani. Ranar Talata ta sa aka nemo shi. Yana kwance a Ogbomosho wajen mai ɗori, wata guda ke nan da karaya a cinya, bai ma san ana biki ba. Shi ma ta soke sunansa.

Saura amarya. Khairiyya na zaune a ɗakin tambayoyi, lallen hannunta bai ko fara dusashewa ba. Ba ta yi kuka ba, sai dai idonta ya faɗa.

"Fankar bikinki ce?"

"Hotona ne, sunana ne. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Ke kika aika wa Abdulrahim?"

"Anti, tun da aka kai ni ranar Asabar ban taka ƙofar gida ba sai da mutanenku suka zo. Rabon kayan biki na Hajiyarmu ne. Ni ko ɗaya ban taɓa ba."

"Wa ya san na'urar sanyin ɗakin ta lalace?"

"Wa bai sani ba? Takarda uku na rubuta wa manaja. Na yi mita a gida, na yi a waya, na yi a gaban baƙi. Na ce zafin nan zai sa wani ya yi abin da bai kamata ba. Shekara huɗu ina tsare ƙofar nan. Yau da fuskata aka buɗe ta."

Wannan maganar ta taɓa Mas'uda, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

A waje ta tarar da ango, Ikrama, zaune a benci ya haɗa kai da gwiwa. Babban abokinsa na gefe riƙe da kular abinci, yana waya da lauya. Nabil ne sunansa, mai shagon gyaran waya a Mokola. Tun Litinin bai bar gefen ango ba.

"Insfekta, abeg, ki duba lamarin nan," ya ce. "Yarinyar nan ko kaza ba za ta iya cuta ba."

Sau biyu Oga Bamidele ya tura sajan biyu gidan mahaifiyar amarya. Duka biyun a zaure suka tsaya, kamar yadda kowane namiji ke tsayawa, suka yi tambaya ta bayan labule, suka dawo suka rubuta cewa tsohuwa ba ta san komai ba. Safiyar Laraba Mas'uda ta cire hular aiki, ta yafa mayafi, ta yi sallama ta shige har tsakar gida.

Hajiya Ashatu ƙanƙara da zoɓo take sayarwa daga cikin gida. Firiza uku ne a jere a rumfa, duk a buɗe, ruwa na bin ƙasa. Ko kallonsu ba ta yi. Tana zaune a tabarma da carbi, maƙwabciyarta Raliya na gefe.

"Hajiya, a kan Khairiyya na zo."

"Yaya yarinyar take? Tana cin abinci?"

Yarinyar. 'Yar fari ce, kuma Hajiya ta mutanen da ce, shekara ashirin da tara ba ta taɓa kama sunanta ba, ko a gaban likita. Mas'uda ta fito da murfin fankar a cikin ledar shaida ta miƙa mata. Hajiya ta sa tabarau, ta nisantar da ledar, ta matso da ita.

"Wannan ba tamu ba ce."

"Hajiya, ga hoton nan."

"Na ga hoto, ba makauniya ba ce ni. Raliya, ɗauko taki."

Raliya ta shiga ɗaki ta fito da fanka iri ɗaya sak, launi ɗaya, sitika ɗaya. Sai dai a tata an soke bakwai da jan biro, an rubuta sha huɗu a sama.

"Ran bakwai aka sa bikin," in ji Hajiya. "An riga an buga takardun nan, sai Baba Liman na bayanmu ya rasu ranar Laraba. Bango ɗaya ya raba mu. Ana zaman makoki can, mu mu kira masu kiɗa nan? Muka ɗaga da sati guda. Na ce ba za a raba wa mutane ƙarya ba. Muka zauna a nan mu huɗu, muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya muna gyarawa kafin mu manna."

"Babu wadda ta tsallake?"

"A hannuna? Ni nake dubawa in sa a kwali."

"Kuma taku, babu caji aka raba su?"

Hajiya ta kalle ta kamar ta zage ta.

"Haba 'yar nan! In ba baƙo fanka a cikin zafin nan ba ta juyawa? Kwana biyu muka yi muna cajinsu, gida uku muka raba. Kowace sai da na danna ta hura mini fuska."

Raliya ta danna tata. Har yanzu da saura, ta juya.

Mas'uda ta ga hanya ta buɗe. Ta gyara zama.

"Kun aika wa 'yan wajen aikinta rabo?"

"Ranar Lahadi na so aikawa, ƙafa ta hana ni tsayawa a kai. Ga ledojinsu can a ɗaki har yau."

"A ina aka raba fankokin?"

"A wajen taron mata. Maza goro da dabino suka samu a masallaci, ya ishe su."

"Takardun sun zo a cike?"

"Yauwa, kin tuna mini. Falle ɗaya an yanke masa gefe, uku babu. Na yi ta sababi a kan mai bugawar nan na Mokola, na ce ya ci amanata."

"Wa ya karɓo su daga wajensa?"

"Abokin ango mana, Nabil. A zaure ya miƙa wa Raliya, kwana biyu kafin rasuwar. Yaron kirki, shi ya yi mana zirga-zirgar komai."

Mas'uda ta ari fankar Raliya ta fita.

Mista Tunde mai buga takardu ya ji haushi ƙwarai da aka ce aikinsa ya zo da giɓi. Da Yarbanci ya rantse mata, sannan ya buɗe wayarsa. Al'adarsa ce ya ɗauki hoton kowane aiki a shimfiɗe kafin ya miƙa. Ga fallayen nan a cike, babu wanda aka yanka, ga hannun mai karɓa a gefen hoton da agogon azurfa, irin wanda ta gani a hannun Nabil. Shagon Nabil ƙofa huɗu ne daga nasa.

Ƙarfe biyu ta isa shagon Nabil da takardar izinin bincike da sajan biyu. A aljihun tebur na ƙasa, ƙarƙashin matattun batura, suka samu fanka biyu. Kowace da hoton amarya, kowace da bakwai ga wata babu gyara. Folake ta buɗe su a ofis, ta tarar da ɗan allon nan a cikin kowace.

Ba su sha wahalar neman Nabil ba. Yana bencin ofishinsu, kusa da ango, da kular abinci a hannu.

A ɗakin tambayoyi Mas'uda ta ajiye fankar Raliya da murfin ta Abdulrahim a gabansa.

"Yaushe aka ɗaura auren abokinka?"

"Ran sha huɗu."

"Duba waɗannan. Mene ne bambancinsu?"

Ya duba. Ta ga lokacin da idonsa ya sauka a kan jan biron.

"Wata ƙila mantawa suka yi da ɗaya."

"Hajiya Ashatu? Ka san ta kuwa?" Ta fito da sauran biyun ta jera. "Waɗannan ma mantawa ta yi da su a aljihun teburinka?"

Mas'uda ta jingina da kujera.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara mini. Ka san irin fankar da za a raba, don da kai aka je sayenta. Ka sayi uku naka daban. Ka karɓo takardu a cike daga wajen Tunde, ka yanke uku, ka miƙa sauran a zaure. Ka ji amarya tana mitar zafin ɗakin injina, ka san wanda zai yi aiki ranar biki ba zai samu zuwa ba. Ka bar fankar babu caji don dole a jona ta. Cincin da nama kuwa babban abokin ango ba ya rasa su. Duk wannan ka yi shi daidai."

Ta ɗaga fankar Raliya.

"Abin da ya kashe ka, iyakarka zaure. Ba ka san abin da mata suka yi a cikin gida ba. Ba ka ga sun gyara kwanan wata ba, ba ka ga suna caji ba. Ranar biki kana masallaci da maza, ba ka ga ko ɗaya a hannun kowa ba. Duk Sabo fanka uku ce kawai ke cewa bakwai ga wata, kuma takardunsu ta hannunka kaɗai suka bi kafin rasuwar Baba Liman."

Da Nabil ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"A intanet suka same ni. Sun ce kamfanin gwajin tsaro ne na waje. Sun ce saƙo kawai zai fito a allo, a ga ko ma'aikata na bin doka. In ya yi kyau za su ɗauke ni aiki can, da biza da komai. Su suka aiko da allunan a cikin kayan gyara. Wallahi ban san zai shafe komai ba."

"Sauran biyun fa?"

"Na mutum biyu ne a kamfanin gas, abokan aikinta. Da na ga abin da ya faru, na ɓoye."

"Ka taɓa ganin fuskar wanda kake magana da shi?"

"A'a. Tun ranar Litinin lambar ta daina shiga."

"Me ya sa hotonta?"

"Don babu wanda zai ƙi abin da ya fito daga wajenta."

"To na yarda ba ka sani ba ranar Litinin da safe. Da la'asar fa, da aka fito da ita daga ɗakin aurenta? Talata fa? Kwana uku kana kawo mata tuwo, ka san gobe za a tafi da ita Abuja."

Mas'uda ba ta jira amsa ba. Wannan shirun nasa na kwana uku shi ya fi ba ta haushi a cikin shari'ar gaba ɗaya.

Da aka fito da shi da ankwa, Ikrama ya miƙe tsaye. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi firamare. Ya kalli abokinsa, ya kalli kular da ke kan benci, ya koma ya zauna.

Oga Bamidele ya karanta rahoton sau biyu, ya ce dama shi tun farko jikinsa bai ba shi cewa yarinyar ce ba. Mas'uda ta ce haka ne, Oga. Waɗanda suka aiko da allunan kuwa, Folake ta ce kada ta sa rai. Suna bayan ƙasa uku ko huɗu, kuma irin su Nabil da suka yi amfani da su suka yar ba su ƙirguwa.

Takardar sallamar Khairiyya ba ta samu sa hannu ba sai safiyar Alhamis. Mutanen Abuja suka zo a kan lokaci, suka tafi da wanda ba shi suka zo ɗauka ba. Wuta ba ta dawo Sabo ba tukuna, an ce sai an sake gina komai daga tushe, sati biyu ko uku.

Ƙarfe tara Keke Napep ya tsaya a ƙofar ofis. Hajiya Ashatu ta fito tana dogara kafaɗar Raliya. Rabonta da fita in ba asibiti ko gaisuwar mutuwa ba har ta manta. Ta tsaya gaban kantar ofishin, inda wani sabon sajan ke riƙe da biro.

"Mama, wa kika zo ɗauka?"

"Yarinyata."

"Sunanta? Sai mai karɓa ya faɗi suna da bakinsa kafin in rubuta."

Hajiya ta yi shiru. Raliya ta buɗe baki, sajan ya ɗaga mata hannu. Mas'uda ta taho daga lungu da Khairiyya a bayanta, ta yi niyyar sa baki ta raba gardamar. Ba ta kai ga magana ba.

"Khairiyya," in ji Hajiya. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. "Khairiyya Isiyaku. Ni na haife ta."

Khairiyya ta tsaya cak a tsakiyar lungun. Kwana uku a tsare ba ta zubar da hawaye ba, sai yanzu. Hajiya ta kawar da kai gefe, ta ciro fanka daga jakarta, ta danna ta miƙa mata ba tare da ta kalle ta ba.

"Ungo, kin yi gumi. Mu je gida."